Maganin Ciwon Damuwa: Abin da Mai Sha da Iyalinsa Ya Kamata Su Sani

Tambayoyi uku ne suka fi yawa a bakin waɗanda likita ya rubuta wa maganin ciwon damuwa. Wani ya ce ya sha kwana biyar bai ji sauƙi ba, sai ma tashin zuciya da ya ƙaru. Wata ta ce an gaya mata duk wanda ya fara ba ya iya bari. Wata kuma tana son ta san ko za ta iya ɗiba wa maƙwabciyarta, tunda ita ma ba ta barci. Mun tattara amsoshin a nan. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu mata da dattawa.

Babban abin da muke so kowa ya riƙe shi ne: wahalar wannan magani tana riga amfaninsa zuwa. Wanda bai san haka ba yakan watsar da shi a makon farko, alhali sauƙi na kan hanya. Akwai kuma wasu alamomi kaɗan da ba a yi musu haƙuri, sai dai a garzaya asibiti. Aikin iyali shi ne su iya bambance waɗannan da waɗancan.

Wa ake ba wannan magani?

Tun daga 2019 da iyalai suka fara tsallako iyaka daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa yankin Maraɗi, da wuya a sami gidan da bai yi rashi ba. Kuka, tunanin gida da baƙin cikin wanda aka rasa abubuwa ne da kowane ɗan Adam ke ji, kuma ba a ba da ƙwaya dominsu. Ciwon damuwa ya wuce nan. Ana zarginsa idan mutum ya kai mako 2 ko fiye, kusan kullum yana cikin ƙunci, abin da yake so a da ya fita masa a rai, jiki ya mutu, barci da cin abinci sun lalace, yana ganin ba shi da amfani, har ya kasa ayyukan da ya saba, kamar girki, wanka, kula da yara ko fita neman abinci. Ciwo ne kamar hawan jini ko ciwon suga. Ba hauka ba ne, kuma ba ya nuna raunin imani.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda muka sani da HCR, suka fitar da littafin jagora domin ma'aikatan lafiya masu aiki a wurare irin namu. Magunguna biyu ne aka fi dogara da su wajen wannan ciwo:

1. Fuloksetin. A jikin kwali ana rubuta Fluoxetine, wani kamfani kuma na kiransa Prozac. Yawanci kafso ne mai miligiram 20, ana sha da safe.

2. Amitiriftilin. A jikin kwali ana rubuta Amitriptyline, a ƙasashe masu magana da Faransanci kuma an san shi da Laroxyl. Yawanci ƙwaya ce mai miligiram 25, ana sha da dare kafin a kwanta.

Duka biyun tsofaffin magunguna ne da aka san halinsu. An fara amfani da Amitiriftilin tun 1961, Fuloksetin kuma ya sami izini a Amurka a 1987. Likitoci kan ba da Amitiriftilin kaɗan-kaɗan domin ciwon jijiya ko ciwon kai na ɓari guda. Saboda haka ganin kwalinsa a hannun mutum bai isa a ce ga ciwon da yake da shi ba.

Me ya sa wahala ke riga sauƙi?

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai. Ɗaya daga ciki shi ne sirotonin. Magungunan nan suna sa sinadarin ya daɗe a tsakanin jijiyoyi. Ƙwaƙwalwa kuwa a hankali take sabawa da canjin, shi ya sa ba a fara jin bambanci sai bayan mako 2 zuwa 4, cikakken amfani kuma yakan kai mako 6. Amma mafi yawan sirotonin da ke jikin mutum, kusan kashi 90 cikin 100, a hanji yake. Hanji ba ya jira. Da an sha Fuloksetin, tun ranar farko ciki na iya motsawa.

Shi kuma Amitiriftilin, ban da aikin da ake so, yana rage saƙon da ke sa baki ya yi yawu, hanji ya motsa, mara ta saki fitsari. Yana kuma sa barci irin wanda Piriton ke sawa. Daga nan illolinsa suke fitowa.

Saboda wannan ne likita ke farawa da kaɗan, ya riƙa ƙarawa a hankali. Sannu ba ta hana zuwa. Sau da yawa ma mutanen gida ne ke fara ganin canji kafin mai ciwon: ya soma cin abinci, ya soma amsa gaisuwa, ya fito ya zauna a inuwa tare da jama'a. Idan kun ga haka ku gaya masa, domin zai ƙara masa ƙarfin ci gaba.

Illolin da aka saba gani

Waɗannan suna damun mutum amma ba su da haɗari, kuma yawancinsu suna raguwa cikin mako 1 zuwa 2.

Ga mai shan Fuloksetin:

- Tashin zuciya, gudawa kaɗan ko rashin son abinci. A sha maganin bayan an ci wani abu, ko da kunu ne ko fura.
- Ciwon kai. Farasitamol ya isa.
- Rashin barci. A tabbata da safe ake sha, a rage shayi mai kauri, goro da kofi daga la'asar.
- Ɗan rashin natsuwa ko rawar hannu a kwanakin farko.
- Raguwar sha'awar iyali ko jinkirin gamsuwa, ga namiji da mace. Wannan yakan daɗe fiye da sauran. Mun san kunya na hana faɗa, amma mutane da yawa saboda shi suke barin magani a ɓoye. Ku gaya wa likita, akwai abin da zai iya yi. Mace na da damar neman ta yi magana da ma'aikaciya mace, da mai fassara mace.

Ga mai shan Amitiriftilin:

- Bushewar baki. A riƙa kurɓar ruwa akai-akai, a kula da asuwaki, domin busasshen baki na saurin lalata haƙori.
- Taurin bayan gida. A yawaita ruwa, da ganye irin su zogale da rama, da wake, a kuma riƙa tattaki.
- Nauyin jiki da gyangyaɗi da safe. Ana iya sha da wuri, bayan sallar isha'i ko ma kafin nan, idan likita ya amince.
- Jiri idan an miƙe da sauri. A fara zama a bakin shimfiɗa, a ɗan jira, sannan a tashi. Dattawa su fi kowa kiyayewa, domin faɗuwa na iya karya ƙugu.
- Gani dishi-dishi, da ƙarin cin abinci da ƙiba.

A makon farko, da duk lokacin da aka ƙara yawan magani, kada a tuƙa kabu-kabu ko mota, kada a yi aiki da injin niƙa, kada a tsaya a bakin rijiya ana jan guga, har sai an ga yadda jiki ya karɓa. Uwa mai shan Amitiriftilin kada ta kwanta jikinta manne da jariri, domin barcin na da nauyi. A lokacin bazara, watan Afrilu da Mayu, inda zafi ke wuce digiri 40, mai shan wannan magani ya fi saurin galabaita. Ya nemi inuwa, ya riƙe ruwa, kuma idan layin rabo ya yi tsawo ya sanar da ma'aikata.

Idan wata illa ta wuce mako 2 ba ta ragu ba, ko ta hana mutum sukuni, a koma asibiti. Likita na iya rage magani, ya canza lokacin sha, ko ya sauya wani.

Alamomin da ba a jira da su

Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko da tsakar dare ne, a kai mutum asibiti tare da kwalin maganin:

1. Yana maganar mutuwa ko kashe kansa, yana rabar da kayansa, ko yana ban kwana ba dalili.
2. Ya kasa zama wuri guda, yana kai da kawowa, fushi ya ƙaru sosai.
3. Ya daina barci kwana da kwanaki ba ya kuma jin gajiya, surutu ba tsayawa, yana kashe abin hannunsa ba lissafi, yana jin ya fi kowa. Wannan alamar wani ciwo ne dabam da maganin kan iya tayarwa.
4. Ciwon ƙirji, bugun zuciya da sauri ko ba daidai ba, ko suma.
5. Jijjiga irin ta farfaɗiya.
6. Zazzaɓi tare da gumi, makyarkyata, fizgar nama da rikicewa.
7. Fitsari ya tsaya, mara ta cika tana ciwo.
8. Ciwon ido mai tsanani, ido ya yi ja, gani ya ragu farat ɗaya.
9. Borin jini, kumburin fuska, leɓe ko harshe, ko numfashi da ƙyar.
10. Aman jini, bayan gida baƙi ƙirin, ko jinin da ya ƙi tsayawa.
11. Dattijo ko dattijuwa sun rikice, ba sa gane mutane, ko jiki ya saki.

Matasa da makonnin farko

Ciwon damuwa da kansa yana kawo tunanin mutuwa, kuma magani na rage wannan tunani idan ya kama aiki. Sai dai a makonnin farko, a wajen wasu matasa, tunanin na iya ƙaruwa kafin ya ragu. A 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi mai ƙarfi a kan haka game da yara da samari da 'yan mata, a 2007 kuma ta faɗaɗa shi zuwa duk wanda bai kai shekara 25 ba. Ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba maganin nan. Waɗanda suka wuce haka ana fara musu da zaman tattaunawa da mai ba da shawara, ba a kai ga ƙwaya sai ta zama dole, kuma likita na bibiya.

Idan ɗanku, 'yarku ko amaryar gidanku ta fara magani, a sami babba guda da zai riƙa zama da ita kullum a watan farko. Ku tambaya kai tsaye, cikin taushin murya: kina jin kamar ki cutar da kanki? Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sai ma ta ba shi damar faɗin abin da ke ransa. Idan amsar e ce, kada a yi faɗa, kada a bar mutum shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari, maganin ɓera, igiya da duk wasu ƙwayoyi daga ɗakin, a nemi ma'aikacin lafiya a ranar.

Ajiya: a nan ne haɗarin yara yake

Amitiriftilin idan ya yi yawa yana rikita bugun zuciya. Ƙwayoyi kaɗan na iya kashe ƙaramin yaro, kuma ƙananan ƙwayoyi ne da yaro zai ɗauka alawa ce. A ɗaki guda da mutum bakwai ko takwas ke kwana, ƙarƙashin tabarma ko matashi ba wurin ajiya ba ne. A sa a akwati mai kwaɗo, ko a gwangwani mai murfi a rataye sama inda yaro ba zai kai ba ko ya taka wani abu. A nisanta shi daga rana da murhu. Kwali yakan nuna kada zafi ya wuce digiri 25 ko 30, don haka kada a rataye shi dab da rufin kwano ko jikin leda da rana ke duka. A bar ƙwayoyi cikin takardarsu, kada a ɓare a zuba su tare da wasu.

Idan likita ya ba da na mako guda kawai, ko ya ce wani a gida ya riƙe maganin yana miƙawa kullum, ba rashin yarda ba ne. Kariya ce da ake yi wa kowa a ko'ina.

Idan yaro ya haɗiye, ko babba ya sha fiye da ƙima, a tafi asibiti nan take ko da yana wasa yana dariya, domin illar kan bayyana bayan wasu sa'o'i. Kada a sa masa yatsa ya yi amai. Kada a ɗura masa madara, manja ko ruwan gishiri. Idan ya suma a kwantar da shi a gefensa. A tafi da kwalin, a faɗi lokacin da abin ya faru.

Abubuwan da ba sa haɗuwa da shi

Tiramol shi ne na farko. Mun san wasu na shansa domin aikin ƙarfi ko ciwon jiki. Haɗa shi da ɗaya daga cikin magungunan nan na iya kawo jijjiga, ko zazzaɓi da rikicewar da muka ambata a lamba 6. Wanda yake sha ya gaya wa likita gaskiya tun farko. Likita na tambaya ne domin ya kare ran mutum.

Giya, kodin, Valium da sauran ƙwayoyin barci suna ninka gyangyaɗi, suna iya danne numfashi.

Asfirin, ibufurofen da dikulofenak idan aka haɗa su da Fuloksetin suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Domin ciwon kai ko na jiki a tsaya ga farasitamol.

Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem da kwinin na iya karo da Amitiriftilin ta wajen bugun zuciya. Wannan ba ya nufin a ƙi maganin zazzaɓi, domin zazzaɓin cizon sauro na kisa. Abin yi shi ne a nuna wa ma'aikacin lafiya kwalin kafin ya rubuta, musamman da damina. Haka ma mai shan maganin tarin tibi, na ƙanjamau ko na farfaɗiya.

Kada a sayi waɗannan magunguna a hannun mai talla a kasuwa, domin ba a san ingancinsu ba, kuma sun sha rana. Wanda ke shan jiƙe-jiƙe ko saiwoyi shi ma ya faɗa.

Abin da za a gaya wa likita kafin a fara

- Ciwon zuciya ko hawan jini.
- Farfaɗiya.
- Ciwon suga, domin Fuloksetin na iya sa suga ya sauka.
- Ciwon hanta, na ƙoda ko gyambon ciki.
- Hawan jinin ido.
- Wahalar fitsari, musamman ga dattawa maza.
- Ko an taɓa shiga wani lokaci na rashin barci da surutu da zumuɗi fiye da kima.
- Ciki, niyyar ɗaukar ciki, ko shayarwa.

Mace mai shan magani idan ta ga batan wata, kada ta yanke shi da kanta. Ta je a duba ta cikin kwanakin nan. Ciwon damuwar da aka bari ba magani shi ma yana cutar da uwa da abin da ke cikinta, don haka likita ne zai auna. Mai shayarwa ta faɗa tun farko, domin Fuloksetin na daɗewa a jiki kuma yana shiga nono. Idan jariri ya cika barci, ya ƙi kama nono ko kuka ya yi yawa, a kawo shi.

Mantuwa, azumi da tafiya

Wanda ya manta bai sha ba, kada ya haɗa biyu washegari. Ya ci gaba yadda aka tsara. Haɗa shan magani da abin da ake yi kullum, kamar karin kumallo ko sallar isha'i, yana rage mantuwa.

Tunda sau ɗaya ake sha a rana, azumi ba ya hana shi. A yi magana da likita kafin watan ya kama, ya nuna ko da sahur za a sha ko bayan buɗa baki. Mai shan Amitiriftilin ya yawaita ruwa tsakanin magariba da asuba.

Wanda za a mayar wani sansani, ko zai yi tafiya, ya zo asibiti kafin ranar, ya karɓi takarda mai sunan magani da yawansa. Ya adana ta tare da takardun rajista. Kada a jira sai ƙwayar ƙarshe ta ƙare kafin a koma karɓa.

Shin yana kama mutum?

Magungunan nan ba sa bugarwa, ba sa kuma sa mutum ya riƙa ƙwaɗayinsu yana neman ƙari kamar tiramol ko kodin. Amma jiki na sabawa da su. Idan aka yanke rana ɗaya, ana iya jin jiri, tashin zuciya, ciwon kai, munanan mafarkai da saurin fushi, kuma ciwon na iya dawowa. Bayan an ji sauƙi ana ci gaba da sha na aƙalla wata 6, sau da yawa wata 9 zuwa 12. Idan lokacin bari ya yi, likita zai riƙa ragewa a hankali cikin makonni. Jin sauƙi alama ce cewa magani na aiki, don haka lokacin riƙe shi ne da kyau.

Game da ɗiba wa maƙwabta, amsar a'a ce. Rashin barci na da dalilai da yawa, kuma ba ku san lafiyar zuciyarta ba, ko tana da ciki, ko abin da take sha. Taimakon da ya fi shi ne ki raka ta asibiti.

Haƙƙinku

Kuna da damar sanin sunan maganin da aka ba ku, dalilinsa da illolinsa, cikin harshen da kuke ji. Kuna da damar tambaya har sai kun gane. Abin da aka faɗa a ɗakin likita sirri ne, kuma amanar tana kan mai fassara kamar yadda take kan likita. Shan maganin damuwa ba dalili ba ne da zai taɓa rajistar mutum ko rabon abincinsa. Duk wanda aka tsorata da haka, ko ake tsangwama, ake kira mahaukaci, ake ɗaurewa ko ake hanawa zuwa asibiti saboda ciwonsa, shi ko wani nasa ya zo ofishin kariya.

Ƙwaya ita kaɗai ba ta ɗauke komai. Tana aiki sosai idan mutum na samun mai saurarensa, yana fita cikin jama'a, yana ɗan motsa jiki, yana komawa ibadarsa da sana'arsa kaɗan-kaɗan. A nan ne rabon iyali da maƙwabta yake. Ku ajiye wannan takarda kusa da inda kuke ajiye magani, ku koma kan jerin alamomi 11 ɗin nan duk lokacin da kuka yi shakka. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.